AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: MAGANAR NA'URA A MAKARANTAR ƊAN MAKIYAYI

Gaisuwa mai yawa ga 'yan'uwa makiyaya, da fataken shanu, da dillalan kara, na Abu Hujar da Wad Nayyal, da Dali da Mazmum, da Sinja da Mai Wurno, har zuwa ƙauyukan Jazira da duk inda wannan takarda ta isa. Wanda ya iya karatu muna roƙonsa ya karanta wa wanda bai iya ba, domin maganar ta shafi kowa.

Tun da aka fara batun sake buɗe makarantu bayan ɓarnar yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, akwai wata magana da ta cika bakin manya da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, wato koyarwa da na'ura. An ce za a ba yara kwamfutar hannu, a zuba darussa a intanet, yaro ya koya ko da malami ko babu. Madalla, ba mu ƙi ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, duk sa'ad da aka zo kan 'ya'yanmu sai murya ta sauya. Sai ka ji ana cewa ai matsalar makiyaya su ne matsalar kansu: ba sa zama wuri ɗaya, ba sa son boko, ba su san darajar na'ura ba, in an ba su ma za su lalata ta.

To mu dai mun ce wannan magana ƙarya ce, kuma zalunci ce. An bar jaki ana dukan taiki. Shingayen da suka hana na'ura amfani a makarantar ɗan makiyayi suna nan a fili, mai ido yana ganinsu, kuma mafi yawansu ba mu muka kafa su ba. Za mu lissafa su ɗaya bayan ɗaya, sannan mu faɗi namu laifin ba tare da jin kunya ba.

WA YA CE MUNA GUDUN NA'URA?

Duk mai wannan zargi muna gayyatarsa ya zo kara ranar kasuwa, ya tsaya ya buɗe idonsa. Zai ga dattijon da bai taɓa zama aji ba yana ciro waya daga aljihu yana tambayar farashin sa a kasuwar Muwailih ta Umdurman kafin ya sallama nasa. Zai ga falke yana biyan kuɗin shanu ashirin ta Bankak, ba tare da ya ƙirga takarda ko ɗaya ba. Zai ga saurayi ya ɗauki hoton saniya mai ciwo ya aika wa mai sayar da magani ta WhatsApp. In ya bi mu ruga zai ga ɗan farantin sola a ɗaure bayan jaki ko a kan bukka, yana cajin waya da tocila. Rediyo kuwa ai tun zamanin iyayenmu take rataye a kafaɗar makiyayi.

Babu wata hukuma da ta raba mana waɗannan abubuwa, babu wanda ya tara mu a otal ya yi mana bita a kansu. Da kuɗin tumakinmu muka saya, mu muka koya wa junanmu, domin mun ga amfaninsu da idonmu. Mutumin da ya karɓi allurar rigakafin dabbobi, ya karɓi tankar ruwa, ya karɓi waya, me zai sa ya ƙi abin da zai koya wa ɗansa lissafi? Ruwa ba ya tsami banza. In na'ura ta shiga kasuwarmu ta zauna, amma ta kasa shiga makarantarmu, to a makarantar za a nemi dalili.

SHINGE NA FARKO: BABU MALAMI

Na'ura ba ta tara yara da safe. Ba ta san yaron da ya kwana da zazzaɓi ba, ba ta san wanda ya fahimta da wanda yake gyaɗa kai kawai ba. Sai da malami. To ina malamin?

A shekarar 1993 aka fara makarantun tafi-da-gidanka na makiyaya a Darfur, da haɗin gwiwar ma'aikatar ilmi da UNICEF, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu jihohi. Tsarin shi ne malami ɗaya ya bi ruga da tanti da allo, ya koyar daga aji ɗaya zuwa aji huɗu, jama'a kuma su taimaka masa da abinci da 'yan dabbobi. Tunani ne mai kyau, kuma dubban yara sun koyi karatu ta wannan hanya. Amma daga aji huɗu sai ina? Sai makarantar kwana a gari, alhali makarantun kwana da yawa sun mutu saboda rashin abinci da kuɗin gudanarwa, tun da aka ɗora nauyin ilmin firamare a wuyan ƙananan hukumomi a shekarun 1990. Ƙaramar hukumar da ba ta iya biyan albashi a kan lokaci, ita ce za ta ciyar da yara ɗari uku sau uku a rana?

Tun kafin yaƙi malamai suke kuka. A ƙarshen 2022 sun yi yajin aiki a faɗin ƙasa saboda albashin da ba ya kai su tsakiyar wata. Da yaƙi ya zo kuwa, da yawa sun yi watanni ba su ga ko sisi ba, wasu suka koma noma, wasu talla, wasu suka tsallaka iyaka. A watan Oktoba 2023 UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan, kuma an rufe makarantu aƙalla 10,400 a yankunan da ake faɗa. Amma a lura da wani abu: daga cikin waɗannan yara, kusan miliyan 7 tun kafin a harba harsashi ko ɗaya ba sa makaranta. 'Ya'yan wa ke nan? Kowa ya sani, 'ya'yan ƙauye ne da 'ya'yan ruga. Mu namu rufin makarantar ya girmi yaƙi.

Bugu da ƙari, malamin da ya yi shekara ashirin da alli a hannu, ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa yadda ake koyarwa da na'ura ba, in ka miƙa masa kwamfuta ka juya baya, me kake zaton zai yi? Zai kulle ta a akwati don tsoron kada ta lalace a ce ya biya. Ba laifinsa ba ne. Mun san makarantun da aka kai wa irin waɗannan kaya, aka yi hotuna, baƙi suka koma mota, kayan suka kwanta a ofishin shugaban makaranta har ƙura da gara suka gama da su.

SHINGE NA BIYU: WUTA DA SABIS

Wannan ita ce ta fi ci mana rai. Muna zaune a bakin Bahar Azrak tsakanin madatsun ruwa biyu. A arewa da mu ga madatsar Sinnar da aka gama a 1925. A kudu ga ta Rusairis da aka gama a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 aka buɗe a farkon 2013, ruwanta ya ci ƙauyuka da wuraren kiwo. Wutar lantarkin da ake samu a Rusairis ta kan manyan wayoyi take bi ta ƙasarmu ta nufi Wad Madani da Kartum. Shanunmu suna kiwo a ƙarƙashin turakun, yaranmu suna jin ƙugin wayoyin a sama, amma ƙauyuka da yawa da ke nesa da titin kwalta har yau da tocila suke kwana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda bai kawo wa makaranta ƙwan fitila ɗaya ba cikin shekara hamsin da 'yan kai, da wane baki zai zo ya yi mana wa'azin kwamfuta?

Sabis ɗin waya ma haka. Yana bin titin Sinja zuwa Damazin da manyan garuruwa. Ka yi yamma da kogi, ka shiga dajin Dali da Mazmum, sai ka hau tudu ko bishiya kafin ka ji muryar ɗan'uwanka. A watan Oktoba 2021 an ƙaddamar da shirin darussan intanet mai suna Learning Passport a Sudan. Ɗan Kartum mai wuta a gida da waya a hannun uwarsa ya amfana, Allah Ya ƙara masa. Ɗan ruga fa? Da wane sabis zai buɗe, kuma wa zai saya masa data?

Sannan a tuna da watan Fabrairu 2024, lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke gaba ɗaya, wasu yankuna suka yi makonni, wasu watanni, babu waya babu Bankak. Mutane suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu Starlink don kawai su ji ko danginsu na da rai. Darasin da aka rataya shi a wuyan intanet, ran da intanet ta ɗauke shi ma ya ɗauke. Da yaƙi ya iso jiharmu, Sinja ta faɗi a ƙarshen Yuni 2024, sojoji ba su karɓe ta ba sai a Nuwamba. A tsakanin nan an kwashe farantan sola da batura da injuna daga wurare da yawa, an kore garkuna, jama'a suka watse. Duk wanda zai tsara mana ilmi da na'ura ya sa wannan a lissafinsa: ya kawo abin da zai yi aiki ko babu layi, wanda kuma za a iya ɗora wa jaki a gudu da shi.

SHINGE NA UKU: HARSHE

Yaron ruga yana tashi da Fulatanci ko Hausa a bakinsa. Wasu suna tsintar Larabcin kasuwa tun suna ƙanana, wasu kuwa, musamman 'ya'yan masu nisa da gari, ba sa jin komai sai abin da suka haddace a makarantar allo. Ran da ya shiga aji ɗaya, littafi da Larabcin littafi yake masa magana. In malami ɗan gari ne mai jin harshensa, ya kan fassara masa, ya kwatanta masa da saniya da maraƙi har ya gane. Na'ura kuwa ba ta fassara. Abin da aka zuba mata shi take maimaitawa, ko yaro ya gane ko bai gane ba.

Kada wani ya juya mana magana. Muna son Larabci, harshen Alƙur'ani ne, harshen hukuma da kotu da kasuwa ne, kuma yaron da bai iya shi ba za a cuce shi a ƙasar nan. Abin da muke cewa shi ne a hau da tsani. A fara wa yaro ƙirga da baƙaƙe da harshen uwarsa shekara ɗaya ko biyu, ana haɗa masa da Larabci, har ƙafarsa ta tsaya. Tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya rubuta cewa dukan harsunan 'yan ƙasa harsunan ƙasa ne, za a girmama su a bunƙasa su. An rubuta a takarda, amma littafi nawa na aji ɗaya aka buga da Hausa ko Fulatanci aka kawo Abu Hujar? Alhali kuwa ɗaukar muryar malami Bahaushe ko Bafulatani yana bayanin darasi a zuba a katin waya, ba ya cin kuɗin tayar mota ɗaya ta manyan baƙi.

SHINGE NA HUƊU: BURTALI

Za a ce me ya haɗa burtali da kwamfuta? Abin da ya haɗa su shi ne, makaranta tana bukatar sanin inda ɗalibinta zai kwana. A da makiyayin wannan yanki ya san hanyarsa. Da damina ya yi arewa wajen Jabal Moya don gudun laka da ƙuda, da rani ya gangara kudu har Khor Yabus da ƙasar Nilu ta Sama. Ya san mashayarsa, ya san zangonsa, ya san kwana nawa zai yi a kowane. Da hanyar tana nan yadda take, ai abu ne mai sauƙi a kafa rumfa da farantin sola a manyan zanguna, malami ya san ranar isowar yara.

Amma me ya faru? A 1968 aka kafa hukumar noman inji, a 1970 aka yi dokar da ta mayar da duk ƙasar da ba ta da rajista mallakin gwamnati. Daga nan aka yi ta yanka daji ana ba masu tarakta, har gonakin dawa da riɗi suka cinye makiyaya, suka matse burtali, wani wuri ya zama kamar zare, wani wuri ya ɓace. Hafirin da shanu ke sha ya wayi gari a tsakiyar gonar wani. Sai ga 2011, Sudan ta Kudu ta ɓalle, makiyayar rani ta koma bayan iyakar wata ƙasa, dubban iyalai suka dawo da dabbobinsu suka cunkushe a jihohin Sinnar da Nilu Shuɗi da Farin Nilu. Yau makiyayi yana tafiya ne da dare kamar ɓarawo, yana kewaye gonaki, yana gudun tara. Kuma wannan matsi shi ne yake cire yaro daga aji, domin garken da yaro ɗaya ke kora a fili, a tsakanin gonaki sai an sa yara uku.

Masu cewa mu zauna wuri ɗaya tukuna sannan a ba mu makaranta, muna tambayarsu: a ina? A ƙasar wa? Mun ga abin da ya faru a Nilu Shuɗi a watannin Yuli da Oktoba 2022, da rikicin ƙasa da sarauta ya ci ɗaruruwan rayuka, 'yan'uwanmu Hausawa da sauran jama'a suka yi hijira, da yawa suka sauka a cikin azuzuwan makarantu. Waɗannan ai zaunannu ne, manoma ne, ba su tsira ba. Ilmi haƙƙin yaro ne a inda yake, ko a gari ko a bayan saniya.

A GWADA TA DA ALLO

Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, tare da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, da waɗanda suka biyo hanyar Hajji kafin nan da bayan nan, sun ratso daji na watanni da shekaru a ƙafa, amma karatu bai yanke musu ba. Me ya sa? Domin kayan karatunsu sun dace da tafiyarsu. Allo itace ne, masassaƙin ƙauye ke yin sa. Tawada daga gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro ake haɗa ta. Alƙalami kara ne. In allo ya cika a wanke, in ya tsage a sake wani. Hasken dare kuwa yara su ɗebo ƙirare a hura wuta. Malami yana cikin ayari, abin da jama'a suka ci shi yake ci, yana kuma fassara da harshen da yara ke ji.

Don haka duk na'urar da za a kawo mana, a yi mata tambayoyi huɗu da allo ya riga ya amsa. Da me za ta ci wuta? In ta lalace wa zai gyara ta, kuma a ina? Da wane harshe za ta yi wa yaro magana? Wa zai zauna da yara a kanta? Wadda ta amsa, marhaba da ita. Wadda ta kasa, a bar ta a kanti.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. Ƙasar Peru a Kudancin Amurka ta saya wa yaran makaranta ƙananan kwamfutoci fiye da dubu 800. Da masu bincike na bankin raya ƙasashen yankin suka auna a makarantun karkara, suka fitar da sakamako a 2012, sai aka ga yaran sun iya taɓa kwamfuta, amma lissafinsu da karatunsu ba su ƙaru ba. A Kenya an yi alkawari lokacin zaɓen 2013 cewa kowane ɗan aji ɗaya zai sami kwamfuta, aka fara rabon na hannu a 2016, a 2019 gwamnati ta sauya shawara ta koma batun gina ɗakin kwamfuta a makarantu. Waɗannan ƙasashe ba a yaƙi suke ba, sun fi mu wuta da hanya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A nan Sudan kuwa an yi wani gwaji da ya kamata a yaba. Ƙungiyar War Child ta Holan, tare da ma'aikatar ilmi da UNICEF da Jami'ar Ahfad, sun fara shi wajen 2012 a ƙauyukan da ba su da makaranta. An zuba darasin lissafi cikin kwamfutar hannu a matsayin wasa, bisa manhajar ƙasa, ana cajin ta da hasken rana, ba ta bukatar intanet, aka kuma ɗauki wani ɗan ƙauyen yana kula da yara. Yara sun koyi lissafi. Ku duba da kyau, ya yi nasara ne domin ya amsa uku daga tambayoyin nan. Saura harshe, saura kuma a ɗora shi a bayan jaki ya bi ruga. Abin takaici, irin wannan aiki yana rayuwa ne da kuɗin masu agaji, ran da suka naɗe tabarma shi ma ya naɗe.

REDIYO TANA NAN

Abin mamaki, na'urar da ta fi dacewa da mu ita ce aka fi rainawa. Rediyo ba ta son data, ba ta son turken sabis a kusa, batir biyu ko ɗan sola ya ishe ta, mai gyaranta yana kowace kasuwa, kuma yara talatin za su kewaye guda ɗaya. A Ostareliya tun 1951 aka fara koyar da 'ya'yan masu kiwo na nesa ta rediyo daga garin Alis Sifirin. A Saliyo da cutar Ebola ta rufe makarantu a 2014, ta rediyo aka ci gaba da darasi. A Nijeriya an kafa hukumar ilmin makiyaya a 1989, hedkwatarta a Kaduna, kuma tun shekarun 1990 ta fara shirin Don Makiyaya a Ruga a gidan rediyon Kaduna. Ba mu ce 'yan'uwanmu na can sun huta ba, su ma suna da nasu kukan. Amma aƙalla an yi musu hukuma da doka da suna.

Me zai hana gidan rediyon jiha ya ware awa ɗaya bayan magariba, lokacin da shanu suka dawo aka gama tatsa, ya yi darasin karatu da lissafi da Hausa da Fulatanci da Larabci? Me zai hana a kwafe darussan a katin waya a kai kara, kowane makiyayi ya zuba a wayarsa kamar yadda yake zuba karatun malamai da waƙoƙi? Wannan ba ya bukatar jirgi daga Turai.

INA KUƊIN?

Mun san amsar da za a ba mu: ƙasa ta sha yaƙi, baitulmali babu komai. To a lokacin da babu yaƙi me aka yi? Kuma ko a cikin yaƙin, an daina karɓar kuɗi a hannunmu ne? Muna biyan jangali. Muna biyan kuɗin kara, da na takardar lafiyar dabba, da na mashaya. Falken da ya loda shanu ko tumaki ya san shinge nawa zai tsaya ya biya kafin ya kai inda za shi. Ƙididdigar gwamnati da kanta ta ce dabbobin ƙasar nan sun haura miliyan 100. Tumakin da ake lodawa a Sawakin zuwa Saudiyya, da shanu da raƙuman da ake kai wa Masar, suna cikin manyan abubuwan da ke kawo wa ƙasa kuɗin waje, musamman tun da man fetur ya tafi da Kudu a 2011. Daga garken wa suka fito?

Ba sadaka muke roƙo ba. Muna cewa daga kowane fam ɗari da aka karɓa a kan dabba, a ware wani kaso sananne a rubuce, a mayar da shi ga ilmin 'ya'yan masu dabbar, a kuma liƙa lissafin a ƙofar kara kowa ya gani.

NAMU LAIFIN

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. 'Yan'uwa, akwai a cikinmu mai shanu ɗari biyu wanda zai sayi babur da waya mai tsada, amma in aka ce ya ba da tunkiya ɗaya don malami sai ya ce shekara ta yi wuya. Akwai mai cire 'yarsa daga aji uku ya ce karatun mace ba shi da amfani, sannan matarsa ta yi rashin lafiya ya rasa macen da za ta duba ta. Akwai mai cewa waya tana lalata yara. Gaskiya ne tana iya lalatawa, kamar yadda wuƙa ke yanka mai ita in bai iya riƙo ba. Maganinsa ido da tarbiyya, da zaɓar abin da za a zuba a ciki.

Ku tuna sau nawa aka miƙo mana takarda muka dangwala yatsa ba mu san abin da ke ciki ba, daga baya muka ji an ce mun yarda da iyakar gona. Ku tuna sau nawa aka sayar mana da maganin dabbobi da kwanansa ya ƙare, kwanan yana rubuce a jikin kwalba, muna kallo ba mu gani. Yaro ɗaya mai karatu a ruga ya fi kare goma tsaron garke. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ABIN DA MUKE NEMA

Na farko, a ɗauki malamai daga cikin 'ya'yanmu maza da mata, a horar da su, a biya su a kan lokaci, su bi ruga. Na biyu, kowace makarantar makiyaya ta sami farantin sola da batir da rediyo kafin a yi zancen wani abu. Na uku, duk na'urar da za a kawo ta zama mai aiki ba da intanet ba, da murya cikin Hausa da Fulatanci tare da Larabci, a kuma koya wa samarinmu masu gyaran waya a kasuwa yadda za su gyara ta. Na huɗu, a daidaita lokacin karatu da lokacin kiwo da na tashi. Na biyar, a buɗe burtali a kafa masa alamu, a tsayar da zanguna, a farfaɗo da makarantun kwana don waɗanda suka wuce aji huɗu. Na shida, kada a sake zama a yanke shawara a kan 'ya'yanmu babu mu a wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu kuma a namu ɓangaren, muna kira ga kowane ardo da sarkin zango da shugaban kara ya tara mutanensa kafin tashin damina, a rubuta sunayen yaran da suka isa karatu, maza da mata, a tsayar da abin da kowane garke zai bayar don malami, a kawo wa ƙungiya. Da wannan takarda a hannu za mu shiga ofisoshin ilmi na ƙaramar hukuma da na jiha, domin mai zuwa da lissafi ba a sallamarsa da baki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, Ya albarkaci garkunanmu da zuriyarmu, amin. Wassalamu alaikum.